Kafin ka kai injinka a huda masa salansa

Ƙanena yana da injin yankan itace, samfurin nan babba da ake kira Stihl 070. Nasa ba ɗan asalin Jamus ba ne, kwaikwayo ne da ya sayo a Kano da kuɗin riɗin da ya noma. Da shi yake ciyar da iyalinsa duk tsawon rani: yau yana Roni yana rage rassan darbejiya da suka hau rufin wani, gobe yana Gwiwa yana tsaga gungumen da iskar damina ta kayar.

Bara da hunturu wani abokin sana'arsa ya ce masa injin a shaƙe yake, ya je a buɗe masa numfashi. Ya kai wa wani bakanike a nan Kazaure. Mutumin ya kwance salansa, ya huda mata ƙofofi biyu, ya zare 'yar ragar ƙarfen da ke ciki ya yar, ya mayar ya ɗaure. Bai taɓa kafireta ba. Da yamma ƙanena ya tayar da injin a ƙofar gida, fuskarsa cike da murna. "Yaya, ka ji yadda yake kuka yanzu? Kamar sabo!"

Ba a yi mako biyu ba injin ya tsaya cak a tsakiyar gungumen turare, a wani ƙauye ta wajen Babura. Igiyar tayarwa ma ta ƙi jawuwa. Ina wurin aka buɗe shi. Gefen fistin da ke kallon salansa ya karce kamar an ja shi a kan tsakuwa, ringi ya manne a cikin raminsa, bakin fulogi kuwa fari fat kamar toka. Garin gyaran gira an rasa ido. Kuɗin fistin da silinda sun cinye abin da ya tara na wata guda, ban da kwanakin da ya yi a zaune.

Ba zan ce huda salansa ƙarya ce ba, domin tana aiki. Masu ƙera waɗannan injuna suna matse mafitar hayaƙi saboda dokokin ƙara da na gurɓata iska a Amurka da Turai. In aka faɗaɗa ta daidai gwargwado, hayaƙi zai fita da wuri, iska ta ƙara shiga, injin ya ji ƙarfi. Laifin da nake gani shi ne rabin aiki. Wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai irin ta mota. Man da ke shafe fistin a gauraye yake da fetur, tare suke shiga. To in iska ta ƙaru, fetur yana nan yadda yake, wuta za ta ƙara zafi a daidai lokacin da man shafawa bai wadatar ba. Abin da ya kashe injin ƙanena ke nan.

Maganin kuwa yana jikin kafireta, inda akwai 'yan kusoshi uku. Mai alamar L ita ke kula da man da injin ke sha in yana tafiya a hankali, mai alamar H ta lokacin da aka ba shi wuta gaba ɗaya ce, ta ukun kuma ta tsayuwar silo. Duk wanda ya huda salansa wajibi ne ya sassauta H, ya juya ta hagu kaɗan-kaɗan, yana saurare. Injin da ya ƙoshi, in ka matse totur bai shiga itace ba, za ka ji 'yar gargada a muryarsa, kamar mai kakari. Da sarƙa ta kama gungume sai muryar ta washe. Wanda kuwa ke ƙara siririya mai tsini tun a iska, yunwar mai yake ji. Abin takaici, wannan siririyar ƙarar ita ce matasanmu suka ɗauka alamar ƙarfi. Kuma daidaiton da aka yi da zafin bazara ba lallai ya riƙe ba da sanyin asubar hunturu, domin iska mai sanyi ta fi kauri, tana buƙatar ƙarin mai.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, matsalar ta ƙaru. Na ga masu inji suna matse H da gangan don lita ta daɗe. Na ga masu rage man gauraya, har da masu zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota. Kamfanin Stihl ya ce da mansa a yi kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur, wasu injunan kuma masu ƙera su sun rubuta 1 cikin 25. A duba abin da aka rubuta wa naka a bi. Na san aljihu ya yi zafi, amma abin da za a yi tsiminsa a wata uku bai kai kuɗin silinda ɗaya ba.

Ragar nan da aka yar ita ta fi tsaya mini a rai. Aikinta tare tartsatsi. Ka tuna inda ake wannan aiki da lokacin da ake yinsa: bayan girbi, kusa da tarin kara, harawa a kan bishiya, rumbu a gefe, iska tana kaɗawa. In ragar ta toshe da kunkunniya, a ciro ta a goge a mayar. Sai kunne. Ƙarar irin wannan inji tana kai desibel 110 tun ba a huda shi ba, alhali masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 ga mai aikin awa 8. Akwai wani dattijo a cikin masu wannan sana'a da in za ka gaishe shi sai ka ɗaga murya kamar kuna faɗa. Abin toshe kunne bai kai kuɗin lita ɗaya ta fetur ba.

Sau da yawa ma injin da ake cewa ya yi sanyi lafiyarsa ƙalau. Ƙurar hunturu ce ta cika matatar iska, ko haƙoran sarƙa sun dakushe. Dubi abin da ke zuba ƙasa: sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take watsowa, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar dusa. Minti goma da magagari sun fi ƙofa biyu a salansa.

Na san akwai mai karatun da zai ce gara injunan su ƙone duka, tunda su ke cinye mana bishiyoyi. Damuwar nan ina da ita. Jigawa tana cikin jihohi 11 da hukumar shingen bishiyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu don tare hamada, kuma wanda ya bi hanyar Babura zuwa iyakar Nijar ya ga yadda gawo da ɗorawa suka yi ƙaranci a gonaki. Sai dai injin da ya ƙone ba ya ceton bishiya ko ɗaya. Mai shi bashi zai ci ya gyara, sa'an nan ya karɓi aikin da a da zai ƙi, don ya biya. Manoman Maradi tun shekarun 1980 suka nuna cewa ana iya rainon tohon kututture, a riƙa rage rassa ana amfana, uwar bishiya tana tsaye. Tsare bishiyoyi aikin malaman daji ne da masu unguwanni da dagatai, kuma ya kamata su yi shi da gaske.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin garin Kazaure. Ina roƙon malamanta na fannin injiniya su ware ko kwana biyu ne, su tara bakanikai da masu inji na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da Hausa, da inji a gabansu da na'urar auna gudunsa, su ji da kunnensu bambancin inji mai ƙoshi da mai yunwa. Kai kuma mai inji, in ka kai a huda maka salansa, tsaya a kan bakaniken har ya gama. In ka ga ya ɗaure bai ɗauki sukundireba ya nufi H ba, kada ka biya, kada ka kai injin bakin itace.