Yawon buɗe ido a Kura da Tiga: A sassauta haraji kafin a yi maganar sabon otal

Idan aljihu ya yi zafi, abin da magidanci ke fara yankewa shi ne fita shaƙatawa da iyali. Shi ya sa masu masauki da gidajen abinci ke riga kowa jin jiki duk lokacin da tattalin arziki ya karye, kamar yadda aka gani a Najeriya a 2016 da 2020. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mutum barin gida.

Yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam yana da abin nunawa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin shinkafa, alkama da tumatir na Kadawa. Ga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ga garin Kura da ya yi suna a rini da bugu, har rawanin ɗan Kura ya kai ƙasar Buzaye. Duk wannan tafiyar ƙasa da awa biyu ce daga birnin Kano.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya: baƙon wannan yanki ba Bature ba ne mai kyamara. Fatake ne masu lodin tumatir zuwa Legas, da dillalan shinkafa, da ɗaliban da ake kawowa ganin aikin ban ruwa, da iyalan da ke fita Tiga da Sallah. Masu cin moriyarsu kuwa su ne mai ƙaramin masauki, mai tuwo, mai tsire, ɗan acaba da masunci. Duk tallafin da bai kai ga waɗannan ba, sunansa kawai tallafi.

Gina otal da kuɗin gwamnati ba sabon abu ba ne a nan. Otal ɗin Bagauda, wanda a da ake alfahari da shi, yau reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ne. Darasin a fili yake: gwamnati ta iya gini, amma riƙon otal sai ɗan kasuwa.

Inda gwamnati ke da ƙarfi shi ne haraji. A watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, ana dab da kullen korona. A watan Yulin shekarar, Birtaniya ta rage nata a kan otal-otal da gidajen abinci daga kashi 20 zuwa 5 na ɗan lokaci, don kada ma'aikata su rasa abin yi. VAT na tarayya ne, amma tun 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rajista da kula da otal-otal hurumin jihohi ne. Ke nan Kano ba sai ta jira Abuja ba.

Shawarata uku ce. Na farko, jiha da ƙananan hukumomi su haɗe kuɗaɗen rajista, allon talla da tsafta su zama biya ɗaya a shekara, ta banki, da rasit. Na biyu, a yafe wa ƙananan masaukai da gidajen abinci na yankin harajin jiha na shekara biyu, bisa sharaɗin ba za su sallami ma'aikaci ba, kuma za su sayi shinkafa da kayan miya a hannun manoman wurin. Na uku, kuɗin da za a narka a sabon gini a gyara hanya da shi, a samar da banɗaki, fitilu da rigunan kariya ga masu shiga kwalekwale.

Wani zai ce jiha na buƙatar kuɗin shiga. Haka ne, amma masaukin da ya rufe ba ya biyan ko sisi, ma'aikatansa kuma sun koma zaman kashe wando. Rangwame mai wa'adi ya fi wannan asara sauƙi.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin al'adun duniya da ake karewa. Baƙon da ya zo kallon Hawan Daushe, kwana ɗaya kacal za a ƙara masa ya ga Kura da Tiga. Sai dai fa ya tarar da masaukin a buɗe, mai tuwo kuma ba ta tashi ba.