Jinyar DBT: waɗanda take wa amfani, da inda ƙarfinta ya tsaya

Mutumin da zuciyarsa ke tafasa har ya kai ga yanka jikinsa yakan ji magana biyu daga dangi: ko a ce masa ya yi haƙuri, ko a ce ya gyara halinsa. Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washinton ta Amurka, ta lura cewa kowace cikinsu ba ta isa ita kaɗai, lokacin da take kula da matan da suka sha yunƙurin kashe kansu. In an matsa musu su canza, sai su ga an raina azabarsu, su daina zuwa. In an tsaya ga lallashi, ba abin da ke motsawa. Sai ta haɗa biyun: a amince wa majinyaci cewa ƙunarsa gaskiya ce, a kuma koya masa fita daga cikinta. Hanyar ke nan da ake taƙaitawa DBT da Ingilishi, TCD da Faransanci.

Gwajinta na farko, wanda aka buga a 1991, ya shafi masu ciwon rashin daidaiton hali: tsoron a rabu da su yana cinsu, ƙaunarsu takan juye ƙiyayya cikin yini guda, fushi kan zo musu kamar gobarar hunturu. A nan ne, da wajen masu cutar da kansu, har da matasa, hujjarta ta fi ƙarfi. Daga baya aka gwada ta ga masu cin abinci ba ƙaƙƙautawa, masu shaye-shaye, da waɗanda wata masifa ta bar wa firgici. Abin da ya haɗa su guda ne: jin da ya fi ƙarfin mai shi, da mummunar dabarar kashe shi.

Kuskure ne a miƙa wannan jerin har ya zama kirarin mai tallan magani a kasuwa. Cikakkiyar DBT tana buƙatar ganawa da mai jinya kowane mako, ajin koyon dabaru cikin rukuni, kiran waya lokacin tsanani, sau da yawa har shekara guda. Ɗan littafin dabaru ba ya maye gurbin wannan. Wanda kuwa yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yake kwanaki ba barci yana ganin kansa sarkin duniya, likitan ƙwaƙwalwa da magani yake fara buƙata.