Ina Tukuicin Marubuci?

Bahaushe bai taɓa jin nauyin yaba wa makaɗi ba. Kalangu na yin daɗi sai ka ga dattijo ya tattare babbar riga, ya ratsa fili ya yi kari, maroƙi na shelar sunansa. Amma ɗan wannan dattijo, wanda muke zaune aji ɗaya da shi a jami'a, zai karance littafi daga bango zuwa bango, ya tura shi ƙarƙashin katifa, ya yi gum. Wanda ya rubuta bai ma san an karanta ba, balle ya san ko ya gamsar. Wannan rowa ce, mu ɗalibai kuwa mu ne shugabannin marowatan.

Mu dubi kudancin Katsina. Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da abokan aikinsu biyu sun bi sawun Alhaji Mamman Shata, suna tambayar waɗanda suka zauna da shi, har suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Shata ya sha kyautar motoci da riguna a fagen waƙa, kuma ya cancanta. To, waɗanda suka hana tarihinsa bin iska fa? Mu nawa ne muka ɗebi bayani daga irin wannan littafi muka cika kundin digiri, sannan muka ɗauki alƙalami muka ce wa masu shi sannu da aiki?

Na san abin da wasu za su ce: wai marubucin kirki ba ya jiran yabo. Maganar ƙoshi ke nan! Mafi yawan marubutan Hausa da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, su kai wa mai kanti bashi, su yi ta zarya. Kwafi ɗaya ya zaga ɗaki goma a aro, a yi masa hoto, a watsa shi a WhatsApp kyauta. Tun da ciniki ba ya gaya masa komai, bakin mai karatu kaɗai ne ma'auninsa. Kuma yabon da nake nufi ba kirari ba ne. Wanda ya ce maka, "Malam, babi na uku ya ratsa ni, amma ka kuskure shekarar nan," ya fi mai tafi amfani, domin ya nuna ya karanta da idon basira.

Magabata sun gane haka. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar sun fito ne daga gasar 1933, wato sai da aka nemi rubutu aka kuma girmama shi. Da Abubakar Imam ya kama aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wasiƙun masu karatu na cikin abin da ya raya jaridar.

Abin ya wuce batun daɗin rai. A Disambar 2020 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun sha hare-hare, manoma sun bar gonaki, an kora shanu daji. Wa zai rubuta wannan yadda ya faru, da sunan kowane ƙauye da abin da aka rasa a cikinsa? Ɗan ƙasar ne, mai yiwuwa wanda ya turo maƙalarsa ta farko cikin wannan mujalla yana ɗari-ɗari. In ya ji shiru, ba zai turo ta biyu ba, sai a bar mu da rahotannin Turanci da ake haɗawa a Abuja, waɗanda ba su san komai ba sai ƙidayar gawa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ware shafi biyu a kowace fitowa don wasiƙun masu karatu, a kuma riƙa gayyato marubutan yankinmu zauren taro, mu zo da littattafansu da muka saya da kuɗinmu, mu yi musu tambayoyi.