Hadda Ba Ita Ce Sani Ba

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ina roƙon aron hankalinku a kan wani darasin lissafi wanda mu malaman gobe muke rainawa. Shi ne bambanta lambobi gagara-rabo da lambobi masu rabuwa.

Lamba gagara-rabo ita ce wadda ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Mai rabuwa kuwa tana da wani mai raba ta ban da waɗannan biyu, kamar 12. Ita 1 ba ta cikin kowane kashi, gama mai raba ta ɗaya ne tak.

To, yaya akan koyar da wannan? Sau da yawa malami yakan rubuta jerin lambobin a allo, yara su yi ta rerawa har su haddace. A ganina wannan cuta ce. Yaron da ya yi hadda kawai yakan zaci kowace lamba mara gagara-rabo ce. Ka ba shi 51, ko 57, ko 91, sai ya faɗa rami. Bai san 51 ita ce 3 sau 17 ba, 57 kuwa 3 sau 19, 91 kuma 7 sau 13. Ran da aka kai ga rage ɓangarori, nan zai tsaya cik.

Ga hanyar da na fi so. A ba yaro tsakuwa 12, a ce ya jera su sahu sahu daidai. Zai sami sahu 2 na shida shida, ko sahu 3 na hurhuɗu. Sa'an nan a ƙara masa ɗaya. Ko yaya ya juya 13, sai an sami ragowa, in ba sahu guda ya yi ba, ko ya ware su ɗai ɗai. Abin da hannu ya taɓa, da wuya kai ya manta.

Bayan wannan sai a koya musu rariyar Eratostenis, wani masanin Girka da ya riƙe ɗakin littattafan Iskandariya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce. A rubuta 2 zuwa 100. A bar 2, a soke dukan lambobin da take rabawa. A yi haka da 3, da 5, da 7. Lambobi 25 za su saura, dukansu gagara-rabo ne. Don me aka tsaya a 7? Domin gagara-rabo ta gaba ita ce 11, kuma 11 sau 11 ya zama 121, ya wuce 100.

Wani zai ce lokaci kaɗan ne, jarrabawa kuma tana tafe, hadda ta fi sauri. Gaskiya ne ta fi sauri, amma sauri ya haifi nawa. Tun kafin Eratostenis, Yuklid ya nuna cewa lambobin nan ba su da iyaka. Wa zai haddace abin da ba ya ƙarewa? Wanda ya san hanyar gwaji kuwa, ko 221 aka ba shi, zai bi a hankali har ya gano 13 sau 17 ce.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan aka tura mu koyon koyarwa, mu tafi da tsakuwa a aljihu. Allah ya ba mu haƙurin koyar da dalili.