DJ cikin duhu: fitilar jika biyu ta fi amfili ɗin da ya ƙone



Yau maganarmu kan matasan nan ce masu haɗa kiɗa a suware, a boîte, a filin MJC da wajen biki. Mu da ke aikin radiyo mun san su, don da yawa cikinsu daga studiyo suka fara. Abin da ke damunmu shi ne mai biki zai biya kuɗin manyan lasifika, ya biya fitilu masu juyawa ja da kore, amma teburin DJ a bar shi a lungu cikin duhu, yaro na lalube da hasken salula a baki.

Wasu za su ce ai duhun nan shi ne armashin suware. To, ga masu rawa ke nan. DJ aiki yake. Gabansa akwai maɓallai masu yawa, ga ordinatar, ga wayoyi, ga ralonj kwance a ƙasa ɗauke da kuran volt 220. In damina ce ƙasa na jiƙe, in wani ya zubar da jus kan tebur ba mai gani. Hannu ɗaya kan wayar da ta ɓare ya isa a mai da gidan biki gidan makoki, Allah ya kiyaye.

Ga kuma yankewar kuran. Ba mu manta da watan Ogusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta bayan takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa. An maido ta a 2024, amma duk wanda ya yi bazara a nan ya san kuran na tafiya ba sallama. Wuta na ɗaukewa sai a ruga a tada gurup cikin duhu, kuma a daidai nan amfili ke ƙonewa, don wutar farko da gurup ke turowa ba ta zauna ba. Kayan da yaro ya yi shekara yana tara wa kuɗi, ko ya ɗauko haya, sun tafi cikin minti ɗaya.

Saboda haka ga shawararmu gare ku, ƙannenmu DJ. Ku nemi ƴar fitilar LED mai lanƙwasa wuya, ku haɗa ta da batirin cajin salula. Ko kuran ya tafi, ita tana nan. Ku karkata ta kan tebur, kada ta haske ido. In kun samu mai jan haske ya fi, domin ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske mai ƙarfi kuma na rushe wannan sabon nan take, ja bai cika yin haka ba. Don haka ne ma ya kamata a rage hasken allon ordinatar.

Ku zo tun da rana ku ja wayoyinku, ku ɗaga ralonj daga ƙasa, ku manna farin sikoc kan maɓallan da kuka fi taɓawa. Waƙoƙi ma a jera su tun gida: na shigowar amarya daban, na iyaye mata daban, na matasa daban. Kuran na ɗaukewa, abu na farko a kashe amfili. In gurup ya zauna, shi ne na ƙarshe da za a kunna. Gurup kuwa waje, nesa da jama'a, don hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kisa a rufaffen wuri.

Ku kuma masu biki da masu boîte, nauyin nan naku ne ma. Haske ɗaya kan teburin DJ, ɗaya bakin ƙofa, ɗaya wajen aje babura. Inda duhu ya yi yawa, nan ake sace salula, nan ake takura wa ƴan mata, daga baya unguwa ta ce DJ ne ya kawo lalaci.

A ganinmu DJ ya sa haske cikin ciniki tun ranar karɓar avance. Mun san tsoron: in ka ƙi, wani zai karɓa da rahusa. Shi ya sa magana ce ta ku duka. Ku haɗa baki gari gari, in babu haske babu kiɗa. Mai biki ba zai bar amarya ta shigo shiru saboda kuɗin ampul ɗaya ba.

Allah ya tsare mu, ya sa a yi taro a watse lafiya.