Sabuwar Windows Ba Ta Sa Tsohuwar Kwamfuta Gudu

Tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, magana guda ake ta maimaitawa a shagunan gyaran kwamfuta na Gusau. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ya kai tasa yana kukan ta yi nauyi, sai a ce masa maganinta Windows 11, ya kawo kaza a ɗora masa. Abin da ake gaya wa mai buga takardu a Bungudu ke nan, haka ma ɗalibar Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe. Ni kuwa ina ganin kafin mutum ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya san abin da ake sayar masa.

An taɓa yin zamanin da sayen sauri a cikin manhaja ciniki ne na gaskiya. A watan Agustan 2009 kamfanin Apple ya fitar da Snow Leopard, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsa, bai yi alkawarin wani sabon ado ba, gyaran ciki kawai ya yi. Ya sayar da ita dala 29, alhali wadda ta gabace ta dala 129 ce, kuma wanda ya ɗora ta yakan sami sararin kusan gigabait 7 ya dawo masa a ma'ajiya. Waɗanda suka biya sun ga amfanin kuɗinsu. Amma wannan kasuwa ta daɗe da watsewa. A 2013 Apple ya mayar da irin wannan sabuntawa kyauta, a 2015 Microsoft ya bi sahu da Windows 10, kuma Windows 11 da ta fito a Oktoban 2021 kyauta ce ga duk kwamfutar da ta cika sharaɗi kuma take da lasisi.

A sharaɗin nan gizo ke saƙa. Windows 11 tana buƙatar wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, wato wadda aka soma ƙerawa a 2017. Kwamfutocin da ke hannun mafi yawanmu kuwa na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu. HP EliteBook 840 G3, wadda ɗalibai ke so saboda ƙwarinta, ta ƙarni na shida ce, ba ta cikin lissafi. Masu gyara sun san dabarar zagaye shingen, kuma Windows ɗin za ta hau. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba. Batun sauri kuwa, Windows 10 ta yarda da RAM na gigabait 2, ita sabuwar 4 ne mafi ƙarancin abin da take karɓa. Jakin da ya gaji, ƙarin mangala ba zai sa shi sukuwa ba.

Nauyin kwamfuta a ƙasarmu wuri uku yake kwana. Na farko tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda sai allura ta bi ta lalubo kowane bayani. A cire shi a sa SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, kwamfutar da take ɗaukar mintuna kafin ta tashi sai ta farka cikin daƙiƙu. Na biyu ƙarancin RAM; daga 4 zuwa 8 bambancin a bayyane yake ga mai buɗe shafukan intanet da yawa. Na uku shi ne wanda aka fi rainawa: ƙura. Hazon hunturu yana toshe fankar ciki, zafin bazara ya zo ya tarar da ita a shaƙe, ita kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta an ƙera ta ne ta rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi, don kada ta ƙone. Buɗe ta a kakkaɓe aiki ne na ɗan lokaci, kuma a ganina shi ne kuɗi mafi albarka da mutum zai ba mai gyara.

Hujjar sabuntawa ta gaskiya tsaro ce, kuma ba na wasa da ita. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a Windows ɗin da ba a toshe ba, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Mai shagon da ke cike wa yara fom ɗin JAMB, yana riƙe da lambobin NIN da hotunan 'ya'yan mutane, amana ce a hannunsa. Shi kam dole ya yi wani abu. Microsoft ya buɗe ƙofar ƙarin wa'adin tsaro ga Windows 10 zuwa 13 ga Oktoba, 2026 a kan dala 30, kuɗin da ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Abin da ba kasafai ake gaya wa mutane ba shi ne ana samun wannan wa'adi ba tare da biyan ko kwabo ba, idan mutum ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya ajiye saitinta a can. Amma sai Windows ɗin mai lasisi ce, kuma kowa ya san yawancin waɗanda ake ɗorawa a kasuwa daga filashin mai gyara suka fito.

Ɗalibin da rubutu da bincike ne kawai aikinsa yana da mafita a Linux Mint, kyauta ce kuma ba ta wahalar da tsohuwar na'ura. Mai zana katin biki ba zai iya ba, domin CorelDRAW ba ta zama a can. Shi sai ya soma tari, kuma ranar da zai sayi wata, ko a Gusau ko a Kano, ya sa a kunna masa ita ya duba ƙarnin ƙwaƙwalwarta da idonsa kafin ya ƙirga kuɗi.