In Dambu Ya Yi Yawa Ba Ya Jin Mai

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in yi magana a kan wani abu da ya same ni a zangon karatun da ya wuce, domin na san ba ni kaɗai ya sama ba. Maganar ita ce ta yawan shiga ƙungiyoyin makaranta da yawon ziyarar abokai, har mutum ya rasa lokacin buɗe littafinsa. Ra'ayina shi ne, ƙungiya abu ce mai amfani, bai kamata a hana ɗalibi shiga ba. Amma duk wanda ya wuce biyu, to, ya ɗauko kayan da ba zai iya kai su gida ba.

Da muka shiga aji biyar sai na ga ai na zama babba, ya kamata a san da ni ko'ina. Na ba da sunana a Ƙungiyar Muhawara, da ta Wasan Kwaikwayo, da ta Samarin Manoma, da ta 'yan Sikawut, ga shi kuma ina buga wa gidanmu ƙwallo. Biyar ke nan. Duk wanda ya ce mini, "Zo ka shiga tamu," sai in ji kunyar cewa a'a.

To, bari mu yi lissafi. A makarantar kwana ƙararrawa ce ke mulki. Mu tashi da asuba mu yi salla, mu yi shara, mu yi wanka. Daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 2 muna aji. Da dare kuma akwai firef na awa 2, ƙarfe 10 a kashe fitila. Lokacin da za mu ce namu ne shi ne tsakanin la'asar da magariba, wajen awa ɗaya da rabi. A kwana biyar na karatu, yammaci biyar ke nan, awa 7 da rabi. Muhawara tana son yammaci ɗaya, Sikawut ɗaya, ƙwallo biyu. Wasan kwaikwayo in an kusa nunawa yana son uku. Lambu kuwa ba ya jiran kowa, kullum sai an ba tumatir da alayyafo ruwa, in ba haka ba su bushe. Tun ba a sa lambu a lissafi ba an sami yammaci bakwai, alhali biyar Allah ya ba mu. Ina sauran za su fito? Daga firef da barci. Ni dai a firef nake haddace maganganun da zan yi a wasa, littafin Lissafi yana buɗe a gabana don kada malamin da ke zagayawa ya gane. Da safe kuma in yi ta gyangyaɗi a aji.

Ziyara ma haka. Ranar Asabar ɗin da ake barinmu fita gari, sau ɗaya a wata, sai in yi wa abokai uku alkawari, ga kuma gwaggota da Baba ya ce lalle in riƙa gaishe ta. Ko'ina na je ba na zama. Wata rana gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, gaisuwa ka zo ko ɗibar wuta?" Ranar ma sai da na makara wajen komowa, na kwana biyu ina yankan ciyawa. Lalle zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar da ba ta tsayawa ba ta ƙulla zumunci.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, ni da na saba zuwa na 4 sai ga ni na 23 cikin mu 40, Lissafi kuwa na faɗi warwas. Abin da ya fi ba ni kunya, a ƙungiyoyin ma ban yi abin kirki ba. An kayar da mu a muhawara domin ban shirya ba, kuma kwamin lambuna shi ya fara bushewa. Da Baba ya karanta takardar bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Ni karatu na aike ka. Daga yau babu kai babu wata ƙungiya."

A nan ne nake roƙon iyayenmu, cikin ladabi, su ƙara duba maganar. Laifin nawa ne, na haɗama, ba na ƙungiya ba. Akwai abubuwan da allo ba ya koyarwa. Kafin in shiga muhawara, in aka ce in tashi in yi magana gaban mutum goma sai gwiwata ta kama rawa. A lambu na san yadda ake yafa iri da dasa shi. A Sikawut na koyi ɗaure rauni kafin a kai mutum asibiti. Manyanmu ma ba littafi kaɗai suka riƙe ba. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1931, gwani ne a wasan fayif, wanda ake buga 'yar ƙwallo da hannu a jikin bango. Malam Aminu Kano kuma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara rubuta wasannin kwaikwayo. Wannan bai hana su zama abin da suka zama ba. Yaron da aka hana shi kome sai littafi, ba lalle ne ya yi karatun ba. Sau da yawa sai ya ɓata yammacin a hira a ɗakin kwana.

Wani aboki zai ce, "Ai ƙuruciya sau ɗaya ce, a bar mu mu ɗanɗana kome." Gaskiya ne, amma shekara shida muke yi a sakandare. Mai son ɗanɗanawa sai ya yi wannan bana, ya yi wancan baɗi. Kuma mu tuna, jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, sannan ga jarrabawar JAMB. Ba za a tambaye ka ƙungiya nawa ka shiga ba.

Saboda haka ga shawarata. Na ɗaya, ɗalibi ya zaɓi ƙungiya biyu kawai, ɗaya mai wasa ƙwaƙwalwa, ɗaya mai motsa jiki, ya riƙe su da gaske. Na biyu, kada a taɓa lokacin firef da na barci ko don me. Na uku, ranar fita a fara da gidan dangi, sannan aboki ɗaya, a zauna a gaisa sosai, a komo da wuri. Na huɗu, ina roƙon malamanmu masu kula da ƙungiyoyi su haɗu su tsara ranaku, kuma su riƙa duba sakamakon 'yan ƙungiyarsu, wanda aka ga yana baya a sa shi ya rage. Na biyar, mu koyi cewa, "Yi haƙuri, ba zan iya ba." Abokin da zai yi fushi don ka ce za ka yi karatu, ka sake tunani a kansa.

Ni dai na roƙi Baba ya bar mini muhawara da ƙwallo. Ya yarda, bisa sharaɗin in ban shiga cikin goman farko ba a wannan zango, su ma in bar su. Na karɓi sharaɗin, ga shi kuma jarrabawa ta ƙarato. Ku sa ni cikin addu'a. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar